Takardar da Na Liƙa a Saman ta Baba Bulus

Har yau ranar Larabar nan ba ta fita raina ba, ranar da na tsaya ina ƙirga ganyen wata busasshiyar ciyawa, gumi na tsattsafo mini a tsakiyar sanyin Nuwamba. Ku da kuka zo bayanmu kuna cewa Anti Talatu ta cika tsanani a kan duba na biyu. Ina jin ku sarai. To ga inda abin ya samo asali.

Lokacin watana biyar da kama aiki a wata ƙaramar ma'ajiyar irin shuka da busassun tsirrai a unguwar Marylebone, ina mataimakiya, wato matakin ƙasa. Ga wanda bai san aikin ba, duk irin da aka kawo mana ajiya yana zuwa ne da shaidarsa: reshe ɗaya na tsiron, a busar, a manne a faffaɗar takarda. Babban mai tantancewa zai duba ya rubuta sunan tsiron a wata 'yar takarda ya liƙa. Sai na ƙasa da shi ya sake dubawa da kansa ya sa hannu. Idan an sami kuskure ba a ɓare takardar farko, ba a goge ta. Sabuwa ake liƙawa a samanta da suna da kwanan wata, kuma duk gyara yana shiga rahoton shugabar sashe.

Babban mai tantancewarmu shi ne Dakta Bulus, mutumin kudancin Kaduna, ya kusa shekara talatin a wurin. Baba nake ce masa. Shi ya tsaya mini har na sami aikin, kuma makon da na tare a unguwar Lewisham matarsa ce ta hau bas ta kawo mini kunun acca da bargo. Mutumin da ya yi maka haka, da wane ido za ka bi rubutunsa kana neman kuskure? Saboda haka duk takardar da na ga sa hannun Baba a kai, sai in sa nawa a ƙasa in wuce. A raina wannan ladabi ne.

A watan ne wasu masu farfaɗo da filayen ciyawa a Amurka suka nemi a mayar musu da wani ɓangare na irin da suka ba mu ajiya. Irin wata ciyawa ce dangin wake, ana kiranta Dalea. Biyu daga cikin jinsunanta suna kama sosai: purpurea mai jan fure, da candida mai farin fure. A fili ko daga nesa za ka raba su. Matsalar ita ce ana tsinko iri ne bayan fure ya zube, don haka a kan takarda babu ja babu fari, duk ruwan ƙasa ne. Sai dai ka ƙirga ƙananan ganye: mai ja yawanci uku zuwa biyar ne, sirara kamar allura, mai fari biyar zuwa tara, masu ɗan faɗi. Sannan ka duba ɗan ƙoƙon da ke riƙe furen da gilashin ƙara girma. Na mai ja gashi ya lulluɓe shi, na mai fari kusan sumul yake.

Mai ja suka nema, kuma ranar Juma'a kayan za su tashi. Ranar Laraba ina shirya fakiti, sai wata takarda ta zame daga hannuna, na kama ta kusa da fuskata. Ganyen ya yi mini faɗi. Na ƙirga, bakwai. Na ɗauki gilashi na duba ƙoƙon, ba gashi. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, cikin goma sha huɗu, uku na mai fari ne, ga sunan Baba a kai, ga nawa a ƙasa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne makonni biyu kafin nan shugabar sashenmu, Helen, ta tambaye ni a hankali ko na lura Baba yana kai takarda kusa da hancinsa. Na ce ban lura ba, alhali na lura. Wannan kuwa ba kuskuren da mai ido yake yi ba ne. In na liƙa gyara, rahoto zai kai teburinta, kuma na san ƙarshen aikin Baba ke nan. In na yi shiru, mutane za su shuka abin da ba shi suka nema ba, su ɓata shekaru kafin ya yi fure ya tona mu. Gaba kura, baya sayaki. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na sa farcena a gefen takardarsa, ina tunanin in ɓare ta in sake rubutawa ba wanda ya sani. Tsoro ne ya hana ni, ba kirki ba.

A jirgin ƙasa daga tashar Charing Cross zuwa gida na tsara maganar ta fi sau ashirin. Washegari da hantsi na same shi a teburinsa na bakin taga, na ɗan rusuna.

"Baba, ko za ka sake koya mini bambancin Dalea ɗin nan? Na ɗan yi confusing ɗinsu."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Talatu, ke da kika yi first class? Kawo in gani."

Ya ɗora gilashi a kan takardar. Ya matso, ya ja baya, ya juya ta wajen haske.

"Ganye nawa kika ƙirga?"

"Bakwai, Baba. Wani tara."

"Ƙoƙon fa?"

"Sumul yake."

Ya ajiye gilashin. "Ni dishi-dishi kawai nake gani. Tun bara aka ba ni appointment ɗin ido, sau biyu ana yin cancel." Sai ya ɗora yatsa a kan sa hannuna. "Amma wannan fa? Kin yi checking ranar?"

Na sunkuyar da kai. "Ban duba ba, Baba."

"Wannan kaɗai, ko duka?"

"Duka. Tunda na zo. Kunya nake ji in bi bayanka."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

"'Yata, na san idona yana tafiya. Abin da ya sa na ci gaba da sa hannu shi ne na ɗauka kina bayana. Ina cewa ido huɗu gare ni, ashe ko biyu ba ni da su."

Ya miƙo mini biro ya ce in rubuta gyaran a gabansa. Na rubuta candida sau uku, na liƙa a saman tasa. Shi da kansa ya ɗauki takardun ya kai wa Helen, ya kuma gaya mata a sake duba duk aikin wata biyar. An cire fakiti ukun, sauran suka tashi ranar Juma'a. Ni aka ja mini kunne a rubuce, aka ƙara mini wata shida na gwaji. Baba ya ajiye aiki kafin Kirsimeti.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, da na duba tun makon farko, da ƙaramin kuskure ɗaya za mu kama mu biyu, ya nemi a rage masa aikin gilashi, ya ƙarasa shekarunsa da mutuncinsa. A wannan aikin, duba bayan babba shi ne girmama shi. Ni na ji kunyar Baba, kunyar tawa ce ta bar shi yana tafiya shi kaɗai wata biyar, yana zaton akwai mai riƙe masa hannu.