Malam Ilu da Bebiyar Na'ura

A yaba wa biron da Malam Ilu ya yi wa aiki, wato ofishinsu, sun iya tsaro. Sun raba wa kowane ma'aikaci 'yar na'ura kamar makullin babur, tana nuna lambobi masu canzawa kafin ka gama hamma. Ba ka shiga ordinatar, wato kwamfuta, sai ka kwafe su. Ɓarawo ba ya shiga, gaskiya ne. Makahon da suka ɗauka aiki da kansu ma ba ya shiga.

Ina buɗe shagona na wayoyi a Sabon Gari, mai shayin da muke zama wurinsa ya ce mini Malam Ilu ya rasu a gidansa na Tsibiri. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Aikinsa amsa kiran masu ƙorafi ne. Ordinatar tana karanta masa komai a kunne, shi kuma yana sanyaya zukatan da wasu suka tafasa. Bai nemi idon kowa ba sai da aka kawo na'urar nan, wadda ya raɗa wa suna Bebiya. Doka ta ce kada wani ya ga lambarka. Da abokin aiki ya karanta masa, shi Malam Ilu aka ja wa kunne, wai ya tona sirri, in ya sake a bakin aikinsa.

Tun daga ranar, kullum da safe sai ya doshi ƙofar shef, shugaban biron, da sandarsa, ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, taso ka karanta mini sirrina. Kai ka kafa dokar, kai ya kamata ka karya ta." Shef ya taso yana gunaguni, wayoyi na ta kuka, mutane na ƙunshe dariya.

Ni ɗan kasuwa ne, na ce ya bari in haɗa masa dabara da waya. Ya ce, "Kai dai mutumin Sabon Gari, komai sai ta bayan gida. Ta ƙofa aka ɗauke ni, ta ƙofa zan shiga." Ya kan ce kuma, "Ban ce a rage tsaro ba. Na ce a ba Bebiya baki." Akwai irin na'urar mai magana, ni na san akwai. Amsarsu ɗaya ce: ana nazari a Yamai.

A wurin ta'aziyya shef ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri. Allah ya gafarta mini, na kusa tanka masa a kan tabarma. Malam Ilu mai ladabi ne, mai barkwanci, amma bai yi haƙuri da wannan ba, kuma kada a lulluɓe shi da haƙurin da bai yi ba.

Ba don kansa kaɗai yake tsayuwar nan ba. Akwai Malama Rakiya ta Jiratawa, makauniya ita ma, a teburin da ke kusa da nasa. In shef ya taso dominsa, sai ya karanta mata ita ma.

Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa dangana, ya tsaya wa marayunsa.

Shef, gobe da safe Rakiya za ta zo da tata Bebiyar. Za ka taso da kanka, ko sai an gama nazari?