Buhun da 'Yardada Ta Saya a Ɗaure

Sunanta na yanka Nana A'isha, amma ko ita sai an kira sau biyu take waiwayowa. Sunan kakarta ta ci, wadda gidan ke kira Dada, don haka tun tana zanin goyo ta zama 'Yardada, ta yi aure da sunan, ta yi takaba da shi, ga shi ta haura sittin da shi a unguwar Sheshe. Mutanen gidansu sun ce kakan kakanta da raƙuma ya shigo Kano daga Gadamus, ɗauke da alharini da turare da takarda dami-dami. Abin da ya iso hannun 'Yardada daga wannan arziki abu biyu ne, dogon hanci da tanderun gurasa da ke kafe a tsakar gida. Hancin bai taɓa ciyar da kowa ba. Tanderun kuwa shi ya raini 'ya'yanta huɗu.

Da sassafe take kwaɓi, ta zuga kara, ta manna gurasar a cikin tanderu da hannun da ya daɗe da daina jin zafi. Kafin hantsi ta fito soro da faranti, ga dakakken ƙuli-ƙuli, ga man gyaɗa da albasa. Telolin unguwar Soron Ɗinki su ne manyan masu cinikinta. Kuma a takarda take naɗewa, ba ta sa leda. Ta ce leda gumi take sa gurasa, ta koma kamar tsumman da aka manta a bokiti, takarda kuwa ta shanye mai ta bar ta tana numfashi.

Sai dai ba kowace takarda ba. 'Yardada ba ta yi boko ba, allo ta yi har ta sauke, amma ta haddace kamannin sunan Allah da na Manzo a rubutun boko kamar yadda ake gane fuskar maƙwabci. Kowane falle sai ta ɗaga shi ga haske, ta duba gaba da baya, kafin ya taɓa maiko. Mutum yana tsaye yunwa na cinsa, ita tana bin shafin jarida da yatsa. Wani tela ya taɓa cewa, “Baba, wannan fa labarin ƙwallo ne.” Ta ce, “Masu ƙwallon ba su da sunaye?”

Shekarun nan abubuwa suka yi ta matsewa. Fulawa ta hau, kara ya hau, mai ya hau. Takardar ma da a da ake samu kusan kyauta ta zama abin nema, don mutane sun daina sayen jarida, kuma masu yin kwalin ƙwai suna bin ofisoshi da makarantu suna kwashe komai da mota. Autanta Umair, mai gyaran waya, yana haya a bayan Ƙofar Dawanau, ya daɗe yana roƙon ta komo wajensa. Ɗaki yana nan, matarsa mutuniyar kirki ce. Illa dai gidan siminti ne ko'ina, kuma maigidan hayar ya hana hura wutar kara. Da magiya ta yi yawa suka yi yarjejeniya: duk ranar da tanderu ya kwana uku a jere ba gashi, zai zo da mota, ita kuma ba za ta yi gardama ba. Ta yarda ne don a zatonta ranar ba za ta zo ba.

Wata Asabar takardarta ta ƙare ƙaf. Fulawar da ta rage ta gashi biyu ce. Ta kwance abin da ta ware na sayen wata fulawar, ta ƙulla a bakin mayafi, da nufin cinikin kwana biyun zai mayar. Ta leƙa gidan ƙawayenta biyu, don kasuwar Kurmi ba ta shiguwa mata ita kaɗai.

Hassana maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba su, kuma ba ta taɓa sayen abu a kuɗin da aka faɗa ba, ko maganin ciwon kai ne. An kusa komawa makaranta, tana neman littattafan rubutu na jikoki. Malama Asma'u kuwa shekara talatin ta yi tana koyarwa a firamare, ta yi ritaya, amma har yau ba ta iya wuce rumfar biro ba ta tsaya ba.

A layin 'yan littattafai Hassana ta fara aikinta. Ta ɗaga dozin ɗaya ta juya, ta yamutsa fuska.

“Nawa wannan abin?”

Mai rumfar ya faɗa. Ta ajiye a hankali kamar ta taɓa garwashi. “Ku zo mu tafi, ashe kantin gwal muka shigo.”

Sau uku suna tafiya ana kiran su. A na ukun mutumin ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wasu littattafai masu ƙura, bangonsu ɗauke da hoton wani ɗan takarar kansila da ya faɗi zaɓe tun shekarun baya, yana ta murmushi abinsa.

“Hajiya, waɗannan rabin kuɗi. Cikinsu lafiya lau.”

“Rabin rabi,” in ji Hassana. “Shi kansa mai hoton bai kai labari ba.”

Ta samu. Malama Asma'u ita kuma ta gwada biro goma sha ɗaya a jikin kwalin mutane, ta sayi biyu, ta nemi a yi mata gyara da ambulan. 'Yardada na gefe tana dariya, hannunta na kan ƙullin mayafi.

Rumfar Malam Nata'ala tana can ƙurya, inda lungu ya tsuke har sai an karkace. Shi ke sayar da tsohuwar takarda a sikeli, kuma sun fi shekara ashirin suna ciniki da 'Yardada. Da ya faɗi kuɗin kilon jarida, sai da ta nemi benci ta zauna. Abin da ke mayafinta ba zai sayi ta mako guda ba.

Idon Hassana ne ya kai kan wani buhu a bayan sikeli, cike tam, an ɗinke bakinsa da igiya.

“Wancan fa, Malam?”

Nata'ala ya sosa ƙeya. “Wancan a ɗaure ake sayar da shi. Na wata makaranta ne da ta tashi. Yadda na karɓa haka zan bayar, ba a zazzagewa.”

'Yardada ta girgiza kai. “Ni ban taɓa sayen takardar da ban gani ba.”

“Ke dai tsaya,” Hassana ta ce. Ta zura yatsu ta gefen ɗinkin ta zaro falle uku, ta miƙa wa Malama Asma'u. Malama ta gyara tabarau.

“Lissafi ne. Jarrabawar aji huɗu. Kai, wannan ko tara sau bakwai bai sani ba.”

“Kin ji ko? Lissafi! Lamba ce zalla, ba sunan kowa. Wata uku kina naɗi, 'Yardada,” in ji Hassana.

Aka shiga ciniki. Ya ce dubu goma sha biyu, Hassana ta ce biyar. Ya ce albarka, ta ja ƙawayenta suka kama hanya. Ba su yi taku goma ba ya kira su. Wannan saurin ya kamata ya ba su tsoro, amma Hassana ta ɗauka gwanintarta ce. Aka tsaya a bakwai, daidai abin da ke ƙulle a mayafin. Mai baro ya tura buhun har Sheshe, Hassana na gaba tana ba duk wanda suka gamu da shi labarin yadda ta karya Nata'ala.

A tsakar gida suka yanke igiyar. Saman buhun lissafi ne kuwa, kaurinsa bai fi tafin hannu ba. 'Yardada ta kwashe ta ajiye gefe, ta sake zura hannu. Fallen da ta zaro ba ta buƙaci ɗaga shi ga haske ba. Bisimilla ce a sama, da rubutun yara, harafin yana hawa yana gangarowa, ƙarƙashinta ayoyi har ƙasan shafi. Ta zaro wani. Hadisi. Ta zura hannu har kafaɗa ta ciro daga gindin buhun. Haka. Makarantar da ta tashi Islamiyya ce, kuma jarrabawar shekara da shekaru ce aka tara.

'Yardada ta tashi ta wanke hannu, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ce su kama mata a ɗauke buhun daga ƙasa.

“A yage saman mana,” Hassana ta ce, muryarta ta yi ƙasa. “Inda bisimillar take.”

Malama Asma'u ta juya fallen. “Ki yage ina ki bar ina? Duk shafin ne.”

“To wallahi mayar masa za mu yi. Ni zai yi wa haka?”

Bayan la'asar suka koma, ba buhun, don ba kuɗin mai baro. Hassana ta fara tun daga bakin lungu. Nata'ala bai musa ba, bai ɗaga murya ba. Ya bari ta gaji, sannan ya juya wajen 'Yardada.

“Hajiya, na ce a ɗaure, kun ji da kunnenku. Amma gaskiya na san abin da ke ciki. Wata biyar buhun nan yana hana ni sukuni. Masu tsire sun taya, na hana. Masu kwalin ƙwai sun taya, su da za su jiƙa shi su markaɗe, na hana. Da na gan ki sai na ce alhamdu lillahi, ga hannun da ba zai wulaƙanta shi ba.”

“Shi ne ka karɓi kuɗinta don ta yi maka gadi?” in ji Hassana.

“Ni ma saya na yi, Hajiya. Kuɗin kuma tun azahar na ba mai kawo mini kaya. In kun dawo da shi zan karɓa in ajiye, amma ni ma ina da iyali. Ban san ranar da zan gaza ba, in ba masu ƙwan.”

'Yardada ta daɗe tana kallon sikelin. Tana so ta yi fushi, ta nemi fushin ta rasa inda za ta kama shi, don mutumin yabonta ya yi. Ta miƙe ta gyara mayafi. “Bar shi a wajena,” ta ce. Ko sallama Hassana ba ta yi masa ba.

Lahadi ta yi gashi ta naɗe a takardun lissafi, suka ƙare kafin gurasar ta ƙare. Litinin ta aika aka sayo leda, karo na farko a rayuwarta. Ta riƙa zuba gurasa mai zafi a ciki tana kau da kai. Kafin a kai Soron Ɗinki ta yi sharkaf. Tela ɗaya ya tako da kansa ya tambaya ko Baba ba ta da lafiya ne. Waɗanda suka saba aiko da saƙo na biyu ba su aiko ba, rabin farantin ya kwana. Abin da ya shigo, in ya sayi fulawa ba zai sayi kara da mai ba.

Hassana ta shigo da littattafan jikokinta a hammata, ɗan takara na murmushi a sama. “Ciri tsakiyarsu. Ni na jawo miki.”

“Mayar wa yara kayansu. Ko na cira, fulawa zan gasa ko takarda?”

Talata tanderu bai ga wuta ba. Laraba ma haka. 'Yardada ta tashi a lokacin da ta saba, ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Malama Asma'u ta ce ta ji akwai malaman da suka yarda a ƙone irin waɗannan takardu a binne tokar a wuri mai tsarki, kuma ga tanderu a kusa. 'Yardada ta ce ta sani. Ta ce amma ba za ta iya tsayawa tana kallon wuta na cin rubutun yaran mutane ba, a ramin da take gasa abin sayarwa.

Ranar Alhamis Umair ya kira waya. Hassana na zaune kusa, tana ta girgiza mata kai da hannu kada ta faɗi gaskiya.

“Umma, an tashi lafiya? Yau an yi gashi kuwa?”

“Ba a yi ba.”

“Jiya fa?”

“Tun Litinin, Auta.”

Umair ya ce zai zo Asabar, in ta ga ya yi mata.

Kayan ba su cika bayan motar ba. Gado, adaka, tukwane, faranti. Da aka zo kan buhun ta hana a sa shi ƙarƙashin komai, ta hana a jingina shi da tukwane, sai da aka ɗora shi can sama aka ɗaure. Umair ya tambayi mene ne a ciki, ta ce ajiya ce. Tanderu kuwa a ƙasa aka gina shi, ba ya ciruwa sai an fasa. Ta rufe bakinsa da tsohon murfin kwano, ta ɗora dutse, ta shiga gaban mota ba ta waiwaya ba.

A bayan Ƙofar Dawanau ba abin da ta rasa. Surukarta ba ta barin ta ɗaga ko tsintsiya. Da safe ana kawo mata shayi da burodi a leda, ta ci ta yi godiya. Bayan mako uku Hassana ta kira, suka gaisa, aka tambayi jikoki da ƙafar Malama Asma'u. Sai Hassana ta kawo abin da ya sa ta kira.

“'Yardada, kada ki ji haushi. Murfin nan ya zame. Kazata ta shiga tanderunki ta yi ƙwai, har shida, ta kwanta a kai. In kore ta?”

“Cikin a bushe yake?”

“Ƙayau.”

“To bar ta,” in ji 'Yardada. “Ba mai tashinta.”