Isiyaku Ya Durƙusa a Cikin Jirgi

A Kura, in an ce Isiyaku Mai Jirgi, ba wai yana da shi ba ne. Shi ne dogon mutumin nan da ke bin magudana da fartanya a kafaɗa, yana buɗe wa tumatirin surukinsa ruwa. Wandonsa ruwan toka duk ya koɗe, amma har yanzu ana ganin karin gugar da aka taɓa yi masa.

Lokacin da aka zo haƙa magudanan noman rani, babbar ta ratsa tsakiyar gonar mahaifinsa, abin da ya rage bai isa ciyar da gida ba. Isiyaku ya ɗan taɓa boko, yana jin Turanci da Fulatanci, sai wani kamfanin jirgin haya mai jigilar alhazai ya ɗauke shi. Aikin bai wuce raba abinci da zaunar da mutane ba, na biyun kuwa shi ne wahalar. Da tayar jirgi ta taɓa ƙasa, alhazai sai su ce an iso. Wani ya miƙe neman buta, wata ta hau kujera tana janyo ƙunshi, alhali jirgin na ta gudu a ƙasa. Isiyaku ya iya da su. In tsoho ne, ya dafa kafaɗarsa ya ce Baba a ɗan yi haƙuri. In tsohuwa ce, ya tambaye ta ko ango ne ke jiranta a waje, ta zage shi tana dariya ta zauna. Shugabarsu, wata Baturiya, ta sha gaya musu cewa duk wanda fasinja ya ji ciwo a ɓangarensa, ya ajiye rigar kamfani.

Wata shekara, a jigilar dawowa, Malam Jaji, mahaifin matarsa Raliya, ya faɗo a ɓangarensa. Tun daga Jidda Isiyaku ke kewaye layin. Abinci ma abokin aikinsa ya roƙa ya miƙa wa tsohon, don tun da ya auri Raliya bai taɓa haɗa ido da shi ba, balle ya tsaya a kansa.

Sun sauka Kano da hantsi. Jirgin bai gama rage gudu ba Malam Jaji ya kwance bel ɗin kujera, ya fito tsakiyar hanya yana gyara rawani. Abokin aikin yana can gaba. Isiyaku ya taho da sauri, kalmar "zauna" na bakinsa, amma da ya iso gwiwoyinsa suka riga bakin. Ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Barka da sauka, Baba."

"A'a, Malam, ashe kana ciki. Ya aiki? Ya mutanen gidan?"

"Lafiya lau. Baba, dama jirgin ne bai..."

"Ai sai godiya. Ga shi ya kawo mu."

Alhazai suka ga mai rigar kamfani ya zube yana gaisuwa, suka ɗauka an gama tafiya, layin ya miƙe gaba ɗaya. A daidai nan matuƙin ya taka birki zai sha kwana. Mutane suka faɗa kan juna, jarkokin zamzam suka biyo su. Malam Jaji ya tokare ƙasa da hannu, tsintsiyar hannun ta karye.

Baturiyar ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi Isiyaku me ya hana shi cewa mutumin ya zauna. Ya ce surukinsa ne. Ta jira sauran bayanin, ta ga babu, ta ce ya mayar da rigar kamfani ofis.

Ya zaga wasu kamfanonin, ya tarar labarin ya riga shi. Hannun Alhaji Jaji kuwa bai sake riƙe fartanya ba, sai Isiyaku ya karɓi ban ruwan gonar, tunda dole wani ya yi. Raliya ta san komai, ba ta taɓa gaya wa mahaifinta ba. Shi tsohon ya ɗauka ma'aikata aka rage.

In an zauna gindin darbejiya bayan la'asar, Alhaji Jaji kan ɗaga karkataccen hannun ya nuna Isiyaku daga nesa.

"Kun ga mijin yarinyar nan? A cikin jirgi, gaban Turawa, ya durƙusa mini har ƙasa."

Isiyaku kan ji. Sai ya ƙara sunkuyawa, ya ɗebi laka ya toshe bakin ruwan.