Gwangwanin Agnes

A unguwarsu ta bayan kasuwar Ikara, in ciwo ya kama mutum, kafin ya tuna da kyamis sai ya tuna da Agnes. Ba ta taɓa karatun asibiti ba, waina take toyawa a bakin tasha shekara ashirin da ɗoriya. Amma Allah ya yi ta da hannun ajiya. Duk ƙwayar da aka sha aka rage, tata ko ta maƙwabta, tana cikin wani tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonta. Ba ta karanta sunan magani. Da launi take gane shi, da kuma wanda ya sha ya tashi. Mijinta Barnaba, manomin tumatir, yakan tsokane ta da "babbar likita", amma shi ma in ƙugu ya riƙe shi wurinta yake lallaɓowa.

Wata Talata aka kawo Barnaba daga fadama a kan babur. Baki ya karkace, hannun dama ya saki, magana ta ɗauke. A asibitin gari aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki, aka ba shi magani, aka rubuta takarda a kai shi Zariya a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Agnes ta ninke takardar ta sa cikin Littafi Mai Tsarki, don a ganinta hoto bai taɓa warkar da kowa ba.

Maƙwabcinsu Malam Sada ya yi irin wannan ciwon shekara biyu da suka wuce, ga shi yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Da ya zo dubiya sai ya zaro leda daga aljihu.

"Maman Jessica, bayan ikon Allah wannan ce ta tashe ni. Ta tsinka jini ce. Ɗaya kullum da safe."

Agnes ta karɓa hannu bibbiyu. Ciwo ɗaya, ai magani ɗaya ne. Sati shida tana ba shi farar ƙwayar bayan koko, har ya saba, yana ajiye kofi zai miƙo mata hannun hagu.

'Yarsu Jessica, mai koyarwa a Makarfi, ita ta ga takardar ta tayar da rigima sai da aka tafi Zariya. Aka kwantar da Barnaba, aka tura shi cikin na'ura mai kama da bututun kwalbati, tana ƙara kamar injin niƙa. Bayan an gama, likitan, Dakta Zulkifilu, ya juyo musu da kwamfuta ya nuna wasu baƙaƙen ɗigo, ba su kai ƙwayar gero ba.

"Mama, wannan jini ne ya tsattsafo daga ƙananan jijiyoyi. Me yake sha?"

Ta kwance bakin zane ta miƙa masa ledar. Ya duba ƙwayoyin da ke ciki.

"Nasa ba irin na maƙwabcinku ba ne. Jijiyoyinsa sun yi rauni. In aka ci gaba da tsinka jinin, yana iya ɓallewa a ka. A daina daga yau."

"To in an daina?"

"Jinin yana iya toshe jijiya. Za mu riƙe hawan jinin, mu sa ido."

Agnes ta tambayi abin da yake cin ta.

"Likita, ni na jawo masa?"

"Hoton yana nuna wurin da jini ya zuba, Mama. Ba ya nuna abin da ya zubar da shi. Hawan jini kaɗai ma yana yin haka."

Da ya ce ita ce, da ta san kukan da za ta yi. Da ya ce ba ita ba ce, da ta samu ta numfasa. Haka ta dawo Ikara, ba wannan ba wancan, kuma tsoro bai sake ta ba.

Washegari ta dama koko ta ba shi maganin hawan jini. Barnaba ya ajiye kofi, ya miƙo hannun hagu yana jiran farar ƙwayar. Ta ce, "Baban Jessica, likita ya hana." Bai gane ba, ko kuwa ya gane bai yarda ba. Ya dubi ƙarƙashin gado, ya dube ta, hannun yana nan a buɗe. Shekara talatin bai taɓa miƙo mata hannu ya koma da shi wayam ba. Ta rasa abin da za ta sa a ciki, sai ta sa nata.