Ranar da Aka Yabi Miyar Evaristo

Evaristo Huenchur ya tsufa a bakin murhu ba tare da wani ya taɓa miƙo masa kwano ya ce a ƙara ba. Mutumin tsibirin Chiloé ne. Tun gemunsa bai fito ba yake girki a jiragen masunta, kuma duk inda ya je akan ci abincinsa ne ido rufe, don kada a kwana da yunwa. Shi kuwa ya yi imani harshen mutane ne ya lalace. Matarsa Clorinda ba ta barinsa ya taɓa tukunya a gida, ya ɗauka girmamawa ce.

Aikinsa na ƙarshe shi ne kuku a sansanin masu bincike a Antatika, ƙasar ƙanƙara can ƙarshen duniya, 'yan tantuna a bakin wani tafki da ƙanƙara ba ta sakinsa sai da bazara. Mutanen nan sun baro iyalansu ne saboda gansakukar da ke shimfiɗe a ƙasan ruwan kamar tsohuwar tabarma. Dakta Ximena, uwar aikin, takan ce kaurin yatsa ɗaya na abin ya girmi kakan kowa. Ba a taka ta, ba a tofa yawu kusa da ita. Evaristo bai taɓa wahalar da ƙafarsa ya je ya duba ba, don a ganinsa karatu ne ya yi musu yawa.

Wata safiya shugaban sansanin, Oga Leiva, ya ja shi gefe.

"Baba, ba raini ba, amma mutanena sai ramewa suke. Jiya na kama Dakta tana cin biskit a ɓoye kamar ɓarauniya. In ba a ga canji ba, baɗi wani za mu ɗauko."

Maganar ta sosa masa rai ƙwarai, don ya san a shekarunsa in aka sallame shi nan, babu mai ɗaukarsa. Fatansa ɗaya ne. Clorinda ta yi alkawarin aiko masa da luche, ganyen tekun da mutanensu ke busarwa su dunƙule kamar daddawa. Da jirgi ya sauke kaya, ya leƙa ramin ƙanƙarar da yake ajiye nama, sai ga akwati cike da baƙaƙen dunƙule a cikin leda. Firjin Dakta ne ya lalace, ta zo ta cusa gansakukar da ta tara, aikinta na duk bazarar nan, a raminsa. Ba ta gaya masa ba, don ba ta saba gaya wa kuku komai ba.

Evaristo ya ɗauka luche ɗinsa ne ya iso, ya yi wa Clorinda addu'a. Ya jiƙa, ya wanke yashi, ya zuba da naman rago da dankali, kamar yadda uwarsa ke yi. Ya ji warin laka, ya ce tafiya ce ta yi wa ganyen nisa, ya ƙara tafarnuwa.

Wanda ya yi makonni kan waken gwangwani, ko takalmi ka dafa masa da rago zai gode. Aka ci, aka suɗe, aka kankare tukunya. Oga Leiva ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ashe dai kana ɓoye mana hannu, tsoho. Baɗi da kai za a dawo." Evaristo ya shige bayan tanti ya share hawaye da gefen rigar girkinsa.

Farin cikin bai kai yamma ba. Dakta ta je ramin ta dawo riƙe da akwati fayau.

"Baba Evaristo, ina abin da ke cikin nan?"

"Luche ɗina? Ai kin ci, 'yata."

Ta zauna a kan duwatsu ta yi kuka irin na mutuwa. Kafin ta gama, cikin kowa ya fara ƙugi, aka yi layi a ƙofar tantin bayan gida. Dokar wurin kuwa ba a barin ƙazanta a ƙasa, a ganguna ake tarawa a mayar gida. Evaristo, da zuciya ɗaya, ya je rarrashi.

"Ki yi haƙuri, Dakta. Ai ba abin da ya ɓata, duk yana cikin ganga."

Wannan maganar ce ta ƙarasa shi. Oga Leiva ya ce ya haɗa kayansa, jirgin da zai kwashe gangunan shi zai kwashe shi.

Ranar tafiya Dakta tana tsaye a bakin teku, ta rame, ko kallonsa ba ta yi. Ya sa ƙafa ɗaya a kwalekwalen da zai kai shi jirgi, sai ya fasa, ya dawo gabanta ya cire hula.

"'Yata, na san na cuce ki, ba ni da bakin magana. Abu ɗaya zan tambaya. Tsakaninki da Allah, miyar nan, kin ƙara ko ba ki ƙara ba?"

Ta dube shi kamar ta shaƙe shi.

"Na ƙara," in ji ta.

Ya mayar da hularsa, ya shiga kwalekwale ya zauna tsakanin gangunan yana murmushi. Bai sake samun aikin girki ba har ya mutu.