Mai Hannu Takwas a Shingen Kabuga

A shekarun da bama-bamai suka riƙa tashi a Kano, ba ni da wurin zuwa sai gidan kifi. Na gama sakandare ina jiran sakamako, Umma ta hana ni kasuwa, biki ma an daina taruwa. In na wuni a gida kuwa sai na yi faɗa da kowa.

Gidan kifin a Kabara yake, cikin zauren wani tsohon Alhaji da kakanninsa fataken Tarabulus ne. A da fatu ake tarawa a ciki. Ɗansa mai harkar kaya a Legas ne yake aiko masa da halittun teku da buhunan gishirinsu, shi kuma ya jera akwatunan gilashi ya buɗe wa jama'a. Akwai wasu faffaɗa da yake kira sibiya, gefen jikinsu na kaɗawa kamar bakin mayafi, launi na gudu a bayansu. Amma ni mai hannu takwas nake zuwa gani. Ba shi da ƙashi ko ɗaya. Ya fi hawainiya saurin sauya launi, kuma in ka ƙura masa ido shi ma ƙura maka yake yi. Mata su leƙa su yi a'uziyya su ja baya, ni sai na tsaya har a kira la'asar.

Da dokar hana fita ta tsananta, wuta ta daina zuwa, mai ya yi wuya. In injin da ke hura iska cikin ruwan ya tsaya, sai Alhaji ya ɗauki moɗa yana ɗibar ruwan yana kwararo shi daga sama, wai don su samu numfashi. Na sha karɓar moɗar in ya gaji. Duk da haka sibiyoyin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ya rage mai hannu takwas kaɗai.

Alhaji ya ce a kai shi gidan 'yarsa a bayan Ƙofar Kabuga, inda suke da wutar sola. Yayana yana jan adaidaita sahu, ni na kawo shi. Ni kuma na ce zan bi shi, don direbobi sun gano in akwai mace a baya sojojin shinge sun fi sassauci.

Aka sa mai hannu takwas a babbar kula. Da yake ya iya ture murfi ya fice, Alhaji ya naɗe kular da salatif ya ƙara da igiya. A saman murfin ya ɗaure batir da ƙaramin injin iska, waya ja da baƙa, da siririn tiyo da ya shiga ciki. Injin na ƙugi a hankali. Mu uku muka tsaya muna yaba dabarar, babu wanda ya kalli abin da idon soja.

Rana ta take lokacin da muka iso shingen. Masu babura sun sauka suna turawa, kowa shiru. Yaya ya kashe inji, ya fito, ya ɗaga rigarsa ya nuna cikinsa kamar yadda aka saba. Wani soja ya leƙo bayan adaidaitar da murmushinsa, har ya fara ce mini Hajiya. Sai idonsa ya sauka kan wayoyin.

Ihu ɗaya ya yi. Kafin in haɗiye yawu layin ya watse, babura a zube, takalma a warwatse. Sojojin suka koma bayan buhunan yashi, ban da ɗaya, wanda ya kifar da Yaya a kan kwalta ya dasa masa bakin bindiga a ƙeya.

Babbansu ya ɗaga murya daga bayan buhunan, da Hausarsa ta bariki.

"Ke! Mene ne a ciki?"

"Kifi ne, Yallaɓai."

"Kifi da waya? Kifi yana caji?"

"Numfashi yake yi da ita."

"Sauko da shi. A hankali. In ka motsa," ya juya ga Yaya, "ka mutu."

Kular ta yi mini nauyi. Na jawo ta ƙasa, ruwa na ɓulɓulowa ta gefen murfin. Na ji Yaya yana salati ƙasa-ƙasa, kuncinsa manne da kwaltar da ko da takalmi ƙona ƙafa take yi. Igiyar Alhaji kuwa ƙullin 'yan fatu ya yi mata, da ƙyar na kwance ta. Da haƙori na yage salatif ɗin.

Na buɗe. Babban ya turo wani ya leƙa daga nesa, yana miƙa wuya. Jijjigar hanya da faɗuwar kular sun firgita mai hannu takwas, ya saki baƙar tawadar da yake fesawa in ya tsorata. Babu abin da ake gani sai baƙin ruwa yana kumfa, da tiyo a ciki.

"Oga, babu kifi!" in ji sojan. "Baƙin abu ne, yana tafasa!"

Na ji ƙarar bindigar da ke kan Yaya an ɗana ta. Haƙuri ba halina ba ne, ranar ma bai zo mini ba.

"Wallahi in kun kashe shi, kun kashe shi ne a kan kifi! Ku tsaya ku gani mana!"

"Ke, rufa mana baki," Yaya ya ce daga ƙasa. "Don Allah, rufa baki."

Ban taɓa taɓa mai hannu takwas ba. Alhaji ya sha gaya mini yana da baki mai cizo a ƙarƙashinsa kamar na aku. Na naɗe hannun hijabina, na yi bisimilla, na zura hannu har gwiwa. Na laluba kusurwa, sai na ji wani sanyi mai santsi ya kama mini yatsa, ya hau wuyan hannu, ya naɗe damtsena yana tsotsa. Na ɗago shi gaba ɗaya. Ya fito fari fat don tsoro, sannan ya koma ja a idon kowa, hannuwansa na lalube a iska.

Sojan da ya leƙa ya ja da baya har ya faɗi zaune. Wani ya kira sunan Yesu, wani ya yi innalillahi. Babban ya fito daga bayan buhunan, ya daɗe yana kallo.

"Ana cin wannan?"

"Kallonsa ake yi."

"Mutanen Kano," ya ce yana girgiza kai. Ya yi wa na kan Yaya alama, aka ɗage bindigar.

Batir da injin dai suka tsinke suka riƙe, wai ba za su wuce ba. Da ƙyar na ɓamɓare shi daga hannuna na mayar. Sauran hanyar da kofin shan ruwan Yaya na yi ta ɗibar ruwan ina kwararowa.

Abin ya rayu. Ni ya bar mini shati zagaye-zagaye kamar na ƙahon wanzami, suka baje cikin 'yan kwanaki. Ƙunar kuncin Yaya kuwa ta bar tabo har yau.

Da ya warke ya ce in raka shi gidan 'yar Alhaji, don ranar fuskarsa na ƙasa, bai ga abin da aka kusa harbe shi a kansa ba. Ya durƙusa gaban gilashin. Mai hannu takwas ya fito daga cikin tulun da aka sa masa, ya manna hannu ɗaya daidai fuskar Yaya.

Yaya ya ƙura masa ido.

"Wannan mummunan?" ya ce.

Na ce shi ne. Ya ce in matsa, ina tare masa haske.