Baba Taliya Ya Fita Neman Yafiya

Gida talatin da bakwai Mukhtaru ya shiga cikin watan Zulƙida, kuma babu inda aka bar shi ya ƙarasa magana. Da ya zauna ya jingine sandarsa, ya ce, "Bana zan hau Arfa, na zo ne a yafe mini…" sai mai gida ya yi zumbur ya tari numfashinsa: "Haba ya ammi, babanmu! Me ka yi mana? Mun yafe, wallahi mun yafe duniya da lahira." A kawo gahawa da dabino. Wani ma tun daga bakin ƙofa yake yafewa, kafin tsohon ya cire takalmi. Mukhtaru kuwa ba yaro ba ne. Shekara hamsin yana cin abinci da tsoron mutane, ya san fuskar tsoro ko an yi mata kwalliya da murmushi.

A unguwar Rusaifa ta Makka sunan Mukhtaru a takarda kawai yake. Baba Taliya ake ce masa, amma a bayan ido. Yaran yanzu na zaton don son taliya da miya ne, alhali ko a bakinsa ba ya sa ta. Asalin sunan Taliyani ne. Mahaifiyarsa 'yar Kazaure ce, ta taso a ƙafa za ta aikin hajji, guzuri ya ƙare mata a Musawwa, bakin Bahar Maliya, ta zauna tana toya ƙosai ga ma'aikatan tashar jirgin ruwa. A nan wani makanike ɗan Italiya mai suna Salbatori ya ƙyalla ido ya gan ta, ya karɓi kalmar shahada, ya aure ta. Ita dai har ta koma ga Allah tana rantsuwa musuluncin nasa na gaske ne. Da yaron ya kai shekara tara, uban ya hau jirgi wai zai gaida tsohuwarsa ya dawo, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Gadon da ya bari shi ne dogon hanci, da jar fata, da sifana guda ɗaya. Uwar ta riƙo hannun ɗanta suka tsallako cikin kwale-kwale.

A Makka Hausawa suka ce masa Bature, Larabawa suka ce masa Takaruni, ya tashi ba na kowa ba. Dako ya fara yi a Mina, yana ɗaukar kayan alhazai, har ya san kowane lungu da kowace 'yar hanyar awaki da ke bayan duwatsu. Da zamani ya zo aka ce ba mai shiga Arfa sai da tasarihi, wato takardar izinin aikin hajji, sai wannan sani ya zama jarinsa. Wanda ba shi da takarda ya zo wurin Taliyani, a bi da shi ta bayan dutse. Daga mota ɗaya suka zama ashirin. Ƙannen matarsa Saudatu suka shigo, surukai suka shigo, 'ya'ya suka girma suka tarar da abin ya zama gida. Shi ke raba gardama, shi ke tsayawa a auren marayu, shi ke fara isa gidan rasuwa. Shi ne kuma idan mutum ya yi masa shisshigi a hanya, sai a tsinci motarsa ba tayoyi, shi kuma da karyayyen hannu. Bai taɓa ɗaga murya ba. Idan ya dubi mutum ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," mutumin gida yake komawa ya rufe ƙofa.

Abin dariya, in abin dariya ne: mutumin da ya kai dubban bayin Allah Arfa bai taɓa ɗaura harami ya tsaya can ba. Ranar Arfa ranar kasuwarsa ce. Kullum sai baɗi.

Baɗin ta zo masa yana da shekara saba'in da bakwai, ga ciwon suga, ga gwiwoyi sun ƙi. Sana'ar ta koma hannun 'ya'yansa Nawaf da Talal, waɗanda ke amsa masa Hausa da Larabci. Ya gaji. Ya gaji da a tashi tsaye in ya shigo, ya gaji da sumbatar goshi, ya gaji har da jin sunansa. Ya nemi tasarihi ta hanyar da kowa ke bi, ya samu. Nawaf ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ya abuya, mu ne hanyar, kai kuma ka je kana bin layi?" Bai kula shi ba. Ya sayi haraminsa, ya fita neman yafiya kamar yadda mai shirin hajji ke yi.

Ranar da ya dawo daga gida na talatin da bakwai, Saudatu ta ajiye masa ruwa ta ce, "Alhaji, saura ɗaya, kuma ka san shi."

Ya sani. Hudaifa direbansa ne, mafi iya tuƙi a cikinsu. A Makka aka haife shi, amma kamar mutane da yawa ba shi da takardar zama. Wata shekara zafi ya kashe wata tsohuwa a cikin motarsa a bayan dutse. Hudaifa ya zo gaban jama'a ya ajiye mabuɗi, ya ce ya bar wannan aiki. Mukhtaru ya ce masa Allah ya kiyaye hanya. Waya guda ya buga wa hukuma, ya faɗi suna da lambar gida. Cikin mako aka kama Hudaifa aka tasa ƙeyarsa Kano, garin da a bakin kakarsa kawai ya taɓa jin sa, inda ko Hausarsa dariya ake yi mata. Bayan shekara biyu zazzaɓi ya ɗauke shi. Shekara goma sha tara ke nan, kuma har yau 'yan gida na cewa tsautsayi ne.

Matar Hudaifa, Kabira, tana unguwar Ka'akiyya, hawa na uku, tana ɗinkin abaya. Bayan la'asar Nawaf ya kai uban can. Sau huɗu tsohon yana hutawa a kan matakala. Ta buɗe ƙofa, ta dube shi, ba ta tashi hankalinta ba, ba ta kuma ɗora gahawa ba.

Ya ce, "Kabira, bana zan hau Arfa. Ki yafe mini abin da na sani da wanda ban sani ba."

Ya dakata don a tare shi kamar kullum. Ba ta tare shi ba.

Ta ce, "Wanda ba ka sani ba, Baba, na yafe. Wanda ka sani fa, mene ne? Faɗi in ji."

Nawaf ya taso mata: "Ya hurma, ke matar nan, kin san da wa kike magana? Halas, shi ke nan, ya ce ki yafe!" Uban ya ɗaga masa hannu.  A duk rayuwarsa umarni yake bayarwa da rabin kalma, bai taɓa faɗin abin da ya aikata da sunansa ba. Ya fara. Ya faɗi mabuɗin, ya faɗi wayar, ya faɗi har lambar gidan da ya bayar, gidan nan da suke ciki. Ya ce ba don komai ya yi ba sai don kada wani direba ya koyi ajiye mabuɗi. Nawaf ya yi tsuru-tsuru, yana kallon ubansa kamar baƙo.

Kabira ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Na daɗe da sani, so nake in ji daga bakinka. Ko kabarinsa ban san inda yake ba, Baba. Ban yafe ba. Wataƙila wata rana, amma ba yau ba, kuma ba don kana sauri ba."

Ta rufe ƙofa a hankali. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba zai ɓoye ba. Amma a duk watan nan ita kaɗai ce ta bar shi ya kai ƙarshen magana, kuma amsarta kaɗai ya yarda da ita.

A mota Nawaf ya ce ko dai ya bar masa matar, zai sa ta yafe kafin magariba. Tsohon ya ce, "Ka taɓa ta, ba ni ba kai." Aka yi ta ba shi baki a gida. Talal ya kawo malami, malam ya ce ya nema ai, ya tafi hajjinsa, Allah Mai gafara ne. Mukhtaru ya yi godiya, ya ce gaskiya malam ya faɗa.

Ranar takwas ga Zulhajji gari ya kwashe zuwa Mina, motocin 'ya'yansa ma sun bi bayan dutse tun safe. Saudatu ta shigo ta tarar da haramin na nan cikin ledarsa, tasarihin a kai, shi kuma yana neman sandarsa.

Ta ce, "Ga takardarka ta halal, Alhaji. Me kuma kake jira?"

Ya ce, "Takardar gaske tana hawa na uku a Ka'akiyya. Na shigar da mutane Arfa ta bayan dutse shekara da shekaru, Saudatu. Ni ba zan shiga ta bayan dutse ba."

Ya tari tasi da kansa. Ya hau matakalar yana hutawa, ya zauna a ta ƙarshe, bai ƙwanƙwasa ba. Daga ciki ana jin keken ɗinki yana tafiya.